Ƙanƙara a Madinat Nasr

Ukasha Sabo ya sauka Alƙahira a watan Yuli, lokacin da kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi. Yayarsa Rabi'atu ce ta je tarbarsa. Tana tsaye a bakin ƙofar fitowa tana duba fuskoki har ya wuce ta gabanta ba ta gane shi ba, sai da ya juyo ya ce, "Yaya." Har yanzu ƙaton mutum ne mai faɗin kafaɗa, amma wuyansa ya zube, hancinsa ya ɗore a karkace, ga baƙin tabarau ya saka a cikin gini. Ta kama hannunsa suka nufi mota.

'Yan Azare ne su biyun. Mahaifinsu, Malam Sabo, akawu ne a ma'aikatar harkokin waje, aka tura shi ofishin jakadanci a Suwidin Ukasha yana ɗan shekara bakwai. Rabi'atu ta tsani ƙasar tun ranar farko, duhu tun la'asar, ga sanyi mai shiga haƙori. Shi kuwa abin da ya gani a bayan makarantarsu ne ya tafi da shi. Akwai wani fili da ake malala wa ruwa in hunturu ya kama, ya daskare ya yi sumul kamar tangaran. Yara su ɗaura takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, su riƙe sanduna masu lanƙwasa a baki, suna koran wani ɗan baƙin faifan roba da ake kira fak, kowane ɓangare na neman jefa shi a ragar ɗaya. Wasan hoki na kan ƙanƙara ke nan. Makon farko Ukasha ya sha ƙasa har gwiwoyinsa suka kumbura. Kafin filin ya narke a shekarar, babu ɗan ajinsu da ke iya kamo shi.

Da wa'adin Malam Sabo ya cika, kocin yaran ya yi ta sintiri gidan yana roƙon a bar masa yaron. Malam Sabo ya yi istihara, ya yarda, da sharaɗin salla da azumi da karatu. Salla da azumi Ukasha ya riƙe iya ƙoƙarinsa. Karatu kam a sakandare ya tsaya.

Ɗan wasan gaba ne, amma ba irin waɗanda ake buga hotonsu saboda gwanintar hannu ba. Aikinsa shi ne ya kutsa ya tsaya a gaban mai tsaron raga ya tare masa gani, 'yan baya na jibgar bayansa da sanda, shi kuma yana jiran fak ya taho ya ɗan taɓa shi ya karkata. Ko kuma ya bi fak ɗin cikin kusurwa, inda ake matse mutum da katangar filin, ya fito da shi ko ta halin ƙaƙa. Ya yi shekaru a rukuni na biyu, ya hau babban rukuni kakar wasa ɗaya tak, kuma a wasan ƙarshe na kakar shi ya jefa fak ɗin da ya hana kulob ɗinsu faɗowa. A garin kulob ɗin, can arewacin Suwidin, mai warin masana'antar takarda, har yau akwai tsofaffin da ke tuna shi, ko da yake ba su taɓa iya faɗin sunansa daidai ba.

Daga nan ƙafa ta fara nauyi. Ya je Jamus, ya je Ingila, ya yi kaka biyu a Kazakistan, ya ƙare a Folan. Kowane sabon kulob bai kai na baya ba, kuma duk abu ɗaya suke so a wurinsa, wato girman jiki. In aka taɓa gwanin kulob, Ukasha ake turawa ya jefar da safar hannu ya yi dambe da wanda ya yi taɓin. 'Yan kallo na son wannan. Wasu su yi masa kukan biri in ya shigo, wasu su rera sunansa in ya kayar da mutum, wani lokaci ma mutanen ɗaya ne.

Kansa kuwa yana ta karɓar duka. A lokacin, in ido ya yi wa mutum duhu, sai a shaƙa masa wani abu mai yaji a hanci, a ɗaga masa yatsu a ce nawa ne, a mayar da shi fili. Na ƙarshen a Folan ne. Wani ya zo ta bayansa ya haɗa kansa da katanga. Ya farka a asibiti yana yi wa nas Hausa, yana tambayarta ina Baba, alhali Malam Sabo ya daɗe a ƙasa. Bai sake buga wasa ba.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo. Ciwon kai ya fara, sai haske ya zama abin gudu, sai hayaniya. Ya samu aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, aka sallame shi saboda yana mance inda ya ajiye abu. Sai fushi, irin wanda ba ya sallama. Matarsa, 'yar Somaliya haifaffiyar Suwidin, ta yi haƙuri har ranar da ya fasa ƙofar banɗaki da naushi don famfo ya dame shi da ƙara, 'yarsu Humaira tana ciki tana wanka. Ba ta yi masa gori ba. Ta haɗa kayanta da na yarinyar, sannan ta kira Rabi'atu ta gaya mata gaskiya. Mijin Rabi'atu, Alhaji Zubairu, ma'aikaci ne a ofishin jakadancin Najeriya a Masar, suna zaune a unguwar Dokki ta Alƙahira. Ta kira ƙaninta ta ce, "Ka taho. Akwai likitoci a nan, mutanen gida ma nan suke zuwa."

Likitar da suka gani dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Ta sa aka ɗauki hoton kansa, ta faɗa masa wasu kalmomi ta ce ya riƙe, ta ɗan ja shi da hira, sannan ta ce ya maimaita su. Ya tuna ta farko. Sauran ya neme su ya rasa, yana zufa a cikin sanyin na'ura.

"Hoton bai nuna ƙari ba, bai nuna jini ba," in ji ta da Turanci. "Irin wannan ciwon ba ya fitowa a hoto. Zan iya rage maka ciwon kai, in sa ka samu barci. Abin da ya tafi ba zan ce maka zai dawo ba."

Rabi'atu ta ce, "Zai tsaya a haka?"

Likitar ta dubi Ukasha kafin ta amsa. "A wurin wasu yana daɗewa bai ƙaru ba. Abu ɗaya dai, kada wani abu ya sake taɓa kan nan."

Haka ya zauna a Dokki, a ɗakin baƙi, labule a sake. Garin ba ya yin shiru, hon ɗin motoci tun asuba, mai sayen tsofaffin kaya na ƙwala kira a lasifika, mai tukunyar gas na buga ƙarfe. Alhaji Zubairu mutumin kirki ne, bai taɓa nuna masa gajiya ba. In baƙi suka zo, yawanci ɗaliban jami'a daga gida ko marasa lafiya da suka zo magani, yakan kira shi falo ya ce, "Ƙanin Hajiya ne, ɗan wasa ne a Turai." Nan take ido ya buɗe, a tambaye shi wane kulob. Ya fara bayanin takalmi da sanda da Hausarsa ta yaro ɗan shekara bakwai, wadda ba ta girma tare da shi ba. Baƙin su gyaɗa kai su ce, "Ikon Allah, a kan ƙanƙara," a koma hirar farashin haya. Daga baya ya daina fitowa.

Wata Asabar Rabi'atu ta matsa masa ya raka ta wani katafaren kanti a unguwar Madinat Nasr, za ta sayi abayoyin da za ta aika gida, ta ce ko ba komai ya riƙe mata leda. Suna saukowa hawa na ƙasa ya ji wata ƙara, tas, kamar an buga katako da dutse. Ya tsaya cak. Ya san ƙarar nan fiye da muryar kowa a duniya, fak ne ya bugi katanga. Ya bar Rabi'atu a nan, ya bi ƙarar, ya wuce masu sayar da waya da wurin wasan yara, sai ga sanyi ya bugi fuskarsa, da warin nan na roba da jiƙaƙƙen takalmi.

Filin bai kai rabin na gaske ba. Ƙanƙarar ta yi ruwa a gefe, ga ginshiƙi a kusa da raga an naɗe shi da katifa. Magidanta ne a kai, wasu da furfura, kowa da irin rigarsa, mai tsaron ragar ma hular kwanon babur ce a kansa. Ukasha ya jingina da katanga yana kallo. Wani dogo ya ɗaga sanda ya buga, fak ya tafi a kasalance.

"Nauyinka na kan ƙafar baya," in ji Ukasha da Turanci. Bai san ya yi magana da ƙarfi ba. "Ka mayar da shi gaba in za ka buga."

Dogon ya dube shi, ya gwada, fak ya tashi ya daki ƙarfen raga. Ya taho bakin katanga yana haki. Sunansa Munzir, likitan haƙori ne, a Kanada ya yi karatu, can ya kwaso son wasan, ya dawo ya tara abokai. Ya tambayi sunan Ukasha, ya ciro waya ya rubuta, ya tsaya yana kallo. Sannan ya juya ya kira sauran da Larabci, suka taho suka kewaye wayar. A ciki Ukasha ne da rigar kulob ɗin arewa, yana kwance a gaban raga, abokan wasa na faɗowa a kansa, filin ya ɗauki ihu.

"Kabtin," in ji Munzir, yadda suke kiran koci a Masar, ya dafa ƙirji. "Shekaru muna koyon abin nan a waya. Ka zo ka duba mu ko da sau ɗaya ne."

A mota Rabi'atu ta ce, "Me likita ta ce maka?"

"Ta ce kada a taɓa kaina. Ba wasa zan yi ba, Yaya. A gefe zan tsaya in yi magana."

"Ni za ka gaya wa? Ina ganinka kana kallon ƙanƙarar nan kamar mai azumi ya ga randa."

Da suka hau gada ya ce, "Tun da na zo garin nan, yau ne aka fara tambayata abin da na san amsarsa."

Da suka isa gida ita ta gaya wa Alhaji Zubairu, ta kuma nemi direba ya riƙa kai shi.

Ranar Juma'a suke atisaye, da sassafe, kafin a buɗe kantin. Sunayensu ba sa zama a kansa, sai ya raɗa musu nasa da Hausa, wannan Dogo, wancan Mai Gemu, wancan Gajere. Abin ya ba su dariya, suka karɓa, har suna kiran juna da su. Gajere shi ne Ya'ƙub, mai gyaran lif, mai tumbi da fara'a, uban 'yan mata. Kullum sai ya zo da ledar burodi da ta'amiyya, irin ƙosan nan nasu, ya raba wa kowa, na Ukasha ya ware daban ba barkono. Ba shi da gudu, ba shi da hannu, amma ba ya tsoron duka. Ukasha ya gane irinsa ne. Ya ɗauke shi ya tsayar a gaban raga, ya nuna masa yadda ake kafa ƙafa, yadda ake ba mai tsaron raga baya, yadda ake sassauta hannu a kan sanda don fak ya taɓa ya karkata. Ranar da Ya'ƙub ya fara cin raga ta haka, sai da ya zo ya sumbaci Ukasha a goshi.

Alkawarin tsayawa a gefe bai yi wata ɗaya ba. Munzir ya samo masa takalmi daidai ƙafarsa a wurin wani Bature da zai bar ƙasar. Ukasha ya ɗaura, ya taka ƙanƙarar, ya tura ƙafa ɗaya, sai jikin ya karɓa da kansa. Ya zagaya filin da baya, ya yi birki ƙanƙara ta tashi fari. Mutanen suka bubbuga sanduna a ƙasa. A kan ƙanƙarar babu ciwon kai, babu laluben kalma, ya san inda kowa yake ko bai waiwaya ba. Ya koma gida ya cinye tuwon da aka ajiye masa ya nemi ƙari. Rabi'atu ta ga jiƙaƙƙiyar safarsa a cikin kayan wanki, ta daɗe tana riƙe da ita, ta jefa a inji ba ta tambaye shi ba.

Wajen ƙarshen shekara Munzir ya zo da labari. An gayyace su wata gasar 'yan sha'awa a ɗaya daga ƙasashen Larabawa na gaɓar teku, kuma Ukasha ne zai tafi a matsayin koci. A ranar ya kira Humaira. Ta shiga sakandare yanzu, hirarsu ta waya ba ta wuce gaisuwa da tambayar makaranta, amma da ya gaya mata sai muryarta ta canza. Ta ce ya turo mata hoto da rigar koci. Ya ce zai turo.

Juma'ar da abin ya faru, mutum ɗaya bai zo ba, ɓangare guda ya gaza. Munzir ya ce, "Yalla ya kabtin, zo ka cike mana, a hankali za mu yi." Ukasha ya karɓi sanda. Bai sa hular kwano ba, don babu wadda ta shiga kansa. Ya yi ta raba musu fak yana dariya, ba ya ko matsawa kusa da raga. Can fak ya gangara kusurwa, ya bi shi kamar yadda ya saba. Ya'ƙub ya biyo shi a baya yana haki, yana son ya nuna wa malaminsa ya koyi darasi. Ya sa kafaɗa ya ture shi, ƙafarsa ta zame, sandarsa ta tashi ta daki Ukasha a bayan kunne.

Iyakar abin da Ukasha ya sani ke nan. Abu na gaba da ya gani, yana zaune a kan ƙanƙara, mutum uku sun danne shi, wani na ta salati. Hannunsa na dama ya fashe. Can gefe Ya'ƙub na kwance a kan bayansa, rigarsa ta rufe masa kai, ƙafarsa ɗaya na karkarwa, jini na bin ruwan ƙanƙarar yana yin ja-ja. Munzir ya durƙusa a kansa yana riƙe masa haɓa da hannu biyu.

"Me ya same shi?" in ji Ukasha.

Mai Gemu, wanda ke danne da kafaɗarsa, ya kawar da kai.

Ɗaya daga cikinsu yakan kafa waya a kan katanga ya ɗauki atisayen don su kalla daga baya. Da yamma Munzir ya zo Dokki, ya zauna a falo da Alhaji Zubairu da Rabi'atu, ya ce muƙamuƙin Ya'ƙub ya karye a wuri biyu, haƙora sun zube, amma ido ya tsira. Ukasha ya ce a nuna masa abin da wayar ta ɗauka. Munzir ya ce ba sai ya gani ba. Ya ce a nuna masa.

Ya ga wani mutum mai irin jikinsa ya juyo, ya watsar da safar hannu, ya cafki wuyan rigar Ya'ƙub ya ja ta ta rufe masa fuska, ya fara duka da dama. Babu hauka a ciki, babu ihu. Mutumin ya kafa ƙafa daidai, yana juya ƙugu da kowane naushi, kamar yadda aka koya masa, kamar yadda ya yi ta yi a gaban dubban mutane ana tafi. Ya'ƙub bai ɗaga hannu ba ko sau ɗaya. Ya faɗi, mutumin ya bi shi ƙasa.

Ukasha ya miƙa wayar. Ya nemi abin a cikin kansa, ko da ɗan guntu ne, ko fushin, ko zafin sandar, bai samu komai ba. Da ya tuna, da ya ce shaiɗan ne, ya yi istigfari, ya yi alkawarin ba zai sake ba. To wa zai yi wa alkawari a kan abin da ba ya nan aka yi?

Ba a kai maganar ga 'yan sanda ba. Ya'ƙub ne ya hana, da hannu, tun a motar asibiti. Bayan an yi masa aiki Alhaji Zubairu ya sa babbar riga ya ɗauki Ukasha suka je dubiya. Matar Ya'ƙub, Shahd, tana zaune a bakin gado da kofi da tsinken shan ruwa. Ta amsa sallamar Alhaji Zubairu, ta saurari duk abin da ya faɗa da Larabcinsa na ofis, ba ta dubi inda Ukasha yake ba. An ɗaure wa Ya'ƙub baki da wayar ƙarfe, fuskar ta kumbura har ba a gane shi. Ya ɗaga hannu ya dafa ƙirji, ya yi magana ta tsakanin haƙora.

"Ma'alish, ya kabtin. Ba komai."

Ukasha ya matsa kusa, ya sunkuya zai kama hannunsa. Ya'ƙub ya zabura ya janye kai, har ƙarfen gadon ya yi ƙara. Nan da nan ya gane abin da ya yi, ya miƙo hannun da sauri, idonsa ya kawo ruwa don kunya. Ukasha ya riƙe hannun kaɗan ya saki. Gara a ce zaginsa ya yi.

A bakin lif Munzir ya same shi. Ya daɗe yana gyaran tabarau kafin ya ce, "Kabtin, mutanen nan duk masu iyali ne."

"Na sani."

"Ba wanda ya riƙe ka a zuciya, wallahi. Amma ka gane."

"Na gane. Khalas, shi ke nan."

Sun je gasar ba tare da shi ba. Bai tambayi yadda ta kaya ba.

Likita ta ƙara masa magani, wanda ke sa shi yini yana gyangyaɗi. Faifan bidiyon kuwa bai tsaya a wayar mutum ɗaya ba. Ya zaga har ya kai Suwidin, wani tsohon abokin wasansa ya gani ya tura wa tsohuwar matarsa don ya ji ko lafiya. Ta kira Rabi'atu, suka daɗe suna magana. Abin da ya fito a ciki shi ne, in Ukasha ya koma can za a ba shi ɗaki a gidan kula da masu irin ciwonsa, amma Humaira ba za ta riƙa zuwa wurinsa ita kaɗai ba. Humaira ta ga faifan ita ma. Da ya kira ta ta ɗauka, ta gaishe shi da ladabi, ta ce tana da jarrabawa.

Da zafi ya sake zagayowa, wa'adin Alhaji Zubairu ya cika, aka kira shi gida Abuja. Wata rana bayan azahar Rabi'atu ta shigo ɗakin baƙi ta zauna a bakin gado. Ta ce zaɓi nasa ne, ko Suwidin, ko ya bi su. Gidan Abuja ƙarami ne, ga jikoki na zuwa hutu, don haka ta yi magana da ƙannen Baba a Azare, za a gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure, ita kuma za ta riƙa zuwa duk wata.

Ya gane abin da ba ta faɗa ba game da jikokin. Bai ji haushi ba, da shi ne ma haka zai yi.

"Wa na sani a Azare?" ya ce.

"Su sun san ka. Ɗan Malam Sabo ne kai."

"To. Azaren."

Ana gobe za su tashi, gidan ya zama kwalaye, an kwance labule, rana ta cika ko'ina. Aka kira la'asar a masallacin layin. Ukasha bai iya fita jam'i saboda lasifika, sai ya shimfiɗa darduma a tsakanin kwalayen falo ya tayar da salla. Ya karanta Fatiha har tsakiya, sai ta tsaya. Ya koma farko, ya sake zuwa wurin, ta sake tsayawa. Abin da ya karanta tun kafin ya san hagu da dama, wanda ya karanta a ɗakunan canza kaya da tashoshin jirgin ƙasa da gadajen asibiti, ya tsaya a gabansa kamar an gina bango. Ya yi ta tsayuwa, leɓensa na motsi ba komai, zufa na bin bayansa.

Rabi'atu na bakin ƙofar kicin tana naɗe kofuna a jarida. Ta ga tsayuwar ta yi tsawo. Ba ta matso ba. Ta ci gaba da naɗin, ta fara karanta surar a hankali daga farko, kamar mai yi wa kanta, tana tsayawa a ƙarshen kowace aya. Ya bi ta har ƙarshe. Ta yi masa haka a sauran raka'o'in.

Da ya sallame bai tashi ba. Ya zauna yana kallon hannuwansa a kan gwiwa.

"Yaya."

"Na'am."

"Zai kai ga ke ma in manta ki?"

Ta ɗauki wani kofin ta naɗe, ta saka a kwali, ta danna shi ya zauna.

"In ka manta zan gaya maka," ta ce. "Tashi ka sha maganinka, mai ɗaukar kaya ya kusa zuwa."

Ya tashi ya naɗe dardumar. Ya tsaya da ita a hannu a tsakiyar falon yana duban kwalayen, bai san a wanne ake sa ta ba, har Rabi'atu ta zo ta karɓa.